SHARHI: Bayan rufe Windows 10, wa ke bin diddigin kuɗin lasisin manhaja a hukumomi?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro kyauta ga manhajar Windows 10, bayan ta shafe shekara goma tana aiki. A rana guda kuma ya janye hannu daga Office 2016 da Office 2019. Kwamfutocin da ke ɗauke da su ba su mutu ba, suna nan suna kunnuwa kamar kullum. Sai dai duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga wannan rana, babu mai toshe ta sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi.

Ga mai kwamfuta ɗaya a gida, wannan ƙaramin ciwon kai ne. Amma ga ma'aikatar gwamnati, jami'a, banki ko asibitin koyarwa mai ɗaruruwan kwamfutoci, magana ce ta miliyoyin naira, kuma irin kashe kuɗin da ba a cika waiwayarsa a kasafi ba.

Yadda ake sayen lasisi a sari

Babbar hukuma ba ta shiga kasuwa ta sayi manhaja ɗaiɗai. Yarjejeniya take ƙullawa ta sayen lasisi a sari, galibi ta hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi. Mafi shahara a wajen Microsoft ita ce Enterprise Agreement, wadda ake yi ta shekara uku. Kowace shekara ana sake ƙirga kwamfutoci ko ma'aikatan da aka ƙara, a biya cikon kuɗin.

Akwai wani sharaɗi da masu saye ke yawan tsallakewa. Lasisin Windows na sari na ɗaga daraja ne kawai: dole kwamfutar ta riga ta zo da halastaccen lasisi na asali. Hukumar da ta sayi kwamfutoci babu lasisi don neman arha, ta ɗora musu na sari, ta biya kuɗi amma ba ta cika ƙa'ida ba, kuma yarjejeniyar ta ba kamfanin damar zuwa ya bincika.

Sannan kasuwar kanta ta sauya daga saye zuwa haya. Adobe ya koma tsarin biyan wata-wata tun 2013. Broadcom ya daina sayar da lasisin dindindin na VMware a ƙarshen 2023, jim kaɗan bayan ya sayi kamfanin. Abin da a da ake saye sau ɗaya a mora shekaru, yanzu ya zama kuɗin da ke dawowa kowace shekara, kuma ranar da aka kasa biya, ranar aiki ke tsayawa.

Lissafin da ke gaban hukumomi

Mafita ta farko ita ce komawa Windows 11. Matsalar ita ce tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da sabon samfurin ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba za su ɗauka ba. Ke nan sabunta lasisi ya zama sayen sababbin kwamfutoci.

Ta biyu ita ce sayen ƙarin wa'adi. Microsoft na karɓar dala 61 kan kowace kwamfutar hukuma a shekarar farko, dala 122 a ta biyu, dala 244 a ta uku, daga nan a rufe ƙofa. Wanda ya makara bai tsira ba, domin sai ya biya na shekarar da ta wuce. Makarantu ne aka sassauta wa: dala 1, da 2, da 4.

A ɗauki misalin hukuma mai kwamfuta 1,000. Shekaru ukun za su ci dala 427,000. Kafin a saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin bai kai naira miliyan 200 ba. A farashin naira 1,500, wanda aka kai a 2024, ya haura naira miliyan 640. Kuma bayan duk wannan, tsofaffin kwamfutocin ne dai a kan tebur.

Mafita ta uku, wadda ta fi sauƙi a yau, ita ce a yi shiru. A Mayun 2017, harin WannaCry ya durƙusar da asibitocin gwamnati a Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000. Microsoft ya fitar da gyaran tun Maris, ba a dai ɗora shi ba. Idan haka ta faru inda gyara yake, ina ga inda babu shi? A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, don haka sakacin na iya zama saɓa doka.

Inda kuɗi ke sulalewa

Idan aka ba da kwangilar gada, ko makaho zai taka ya ji ko an yi. Lasisi kuwa lamba ce a takarda. Rangwamen da dillali ya samu daga kamfani ba ya fitowa a rasiɗin da ya miƙa wa hukuma.

Wannan ba zato ba ne. A Yulin 2019, Microsoft ya amince ya biya hukumomin Amurka kusan dala miliyan 25 don rufe wani bincike. A Hungary, tsakanin 2013 da 2015, jami'an reshensa sun nemo manyan rangwame da sunan hukumomin gwamnati, amma rangwamen bai isa ga gwamnatin ba. Dillalai sun sayar da tsada, aka yi amfani da rarar wajen cin hanci.

Ko babu sata, akwai ɓarna: lasisin ma'aikatan da suka yi ritaya ko suka rasu da ake ci gaba da sabuntawa, da sayen mafi tsadar kunshi ga wanda aikinsa bai wuce buga wasiƙa ba.

Ko akwai wata hanya?

Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, manhajojin da ba a biyan lasisinsu. Sai dai birnin Munich, wanda ya riga ta bin wannan hanya, majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017. Manhajar kyauta na buƙatar horar da ma'aikata da ƙwararrun cikin gida. Bambancin shi ne, wannan kuɗi ana iya biyansa da naira, ga 'yan ƙasa.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai Dokar Ba da Kwangila ta 2007, akwai sharaɗin cewa hukumomin tarayya su nemi sahalewar NITDA kafin ayyukan fasahar sadarwa, akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambaya.

Tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da masu binciken kuɗi su yi huɗu ne: lasisi nawa aka saya, nawa ake amfani da su, wane dillali ne ya kawo, kuma nawa kamfanin ya sayar masa? Hukumar da ta kasa amsa biyun farko ba ta da hujjar neman a ƙara mata ko kwabo a kasafi mai zuwa.