Babban da ke ramewa a cikin gida ma yana da haƙƙi a kan akushi

Tun daga shekarar 2005, lokacin da ɓarnar fara da ƙarancin ruwan sama na daminar da ta gabace ta suka haɗu suka jefa Nijar cikin yunwar da har yau ake ambatonta, mutanen Gure da ƙauyukanta, daga Gidigir har Bune da Kelle, sun koyi wani ilmi da kakanninsu ba su samu ba, watau gane tamowa a jikin yaro tun ba ta kayar da shi ba. Uwa ta san ma'anar ɗan madaurin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen ɗanta, kuma tun da hukuma ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, hanyar asibiti ta ƙara sauƙi. Wannan alheri ne babba, Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu a cikinsa. Sai dai idanunmu sun saba da duban yaro har sun manta da babba, alhali a gidajenmu akwai baligai maza da mata da ke ramewa sannu a hankali, suna gajiya da aikin da bai kai ya gajiyar ba, babu mai auna damtsensu, babu mai tambayar abin da suka ci jiya. Galibinsu sababinsu sananne ne, kamar tarin fuka ko ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, amma a cikinsu akwai wasu 'yan kaɗan da lalurarsu ta fi waɗannan ɓoyuwa, kuma saboda su na ɗauki alƙalami.

Masana ilmin jiki sun tabbatar cewa a cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan halittu da ake kira mitokondiriya, waɗanda aikinsu shi ne su karɓi abincin da ciki ya narkar da iskar da huhu ya shaƙa, su mayar da su ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi, ƙafa ke takawa da shi, ƙwaƙwalwa ke tunani da shi. Misalinsu misalin murhu ne, abinci kuwa shi ne itacen. Idan murhun ya samu naƙasa, wutar ba ta kamawa sosai ko da an cika shi da itace, in kuma aka bar shi ba itace na tsawon yini, sai ta mutu da sauri fiye da ta maƙwabta. Shi ya sa gaɓoɓin da suka fi bukatar ƙarfi su ne suke fara kokawa: tsoka, da zuciya, da ƙwaƙwalwa, da jijiyar ji, da tsokar da ke ɗaga fatar ido, da hanji, da gaɓar da ke daidaita sukari a jini.

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Rolf Luft ne ya fara siffanta ciwon da naƙasar mitokondiriya ke haifarwa a 1962, a jikin wata mata da ke ci da yawa, tana zufa ba ƙaƙƙautawa, amma ba ta yin ƙiba. A 1988 aka gano kurakuran farko a cikin ƙwayoyin gadon mitokondiriya, a 1992 kuma masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan suka bayyana wani dangi da ciwon sukari da kurumta ke bin su ta tsatson uwa. Ƙididdigar da aka buga a 2015 daga arewa maso gabashin Ingila ta nuna cewa kimanin baligi ɗaya cikin 4,300 yana da ciwon ko yana ɗauke da sababinsa. Gundumar Gure tana da mutane sama da 300,000 a ƙidayar 2012, don haka wanda ya yi lissafi da wannan ma'auni zai ga maganar ta shafi gommai daga cikinmu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sunayen da muke laƙaba wa irin waɗannan bayin Allah. Saurayin da ya yi kunya biyu a gona ya zauna yana haki, sai a ce rago ne. Matar da ta kasa gama daka, sai a ce son jiki ne. Wanda fatar idonsa ta sauko, kunnensa ya yi nauyi tun bai kai arba'in ba, sai a ce sammu ne ko iska, a yi ta yawo da shi ana kashe ɗan abin da ya kamata a saya masa nono da ƙwai. Alamar da ta fi cancanta a lura da ita ita ce haɗuwar abubuwa da yawa a zuriya ɗaya ta wajen uwa, a ce kaka ta kurumce da wuri, ɗiyarta siririya ce mai ciwon sukari, jikanta kuma yana farfaɗiya. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin gadon da ke cikin mitokondiriya daga uwa kaɗai ake gadonsu, ko da yake akwai wasu nau'o'in ciwon da ke zuwa ta iyaye biyu, waɗanda auren zumunci ke ƙara yiwuwarsu. Kada wani ya mayar da wannan bayani makamin zargin mace ko hujjar saki, domin ita ma gada ta yi ba da zaɓinta ba, kuma ɗora wa mutum laifin abin da Allah ya halicce shi da shi zalunci ne bayyananne.

Har yau babu maganin da ke warkar da wannan ciwo, ko a Faransa ko a Amurka, kuma nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2012, bayan ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwayoyin ƙarin kuzari da bitamin iri-iri, bai samu hujja bayyananna da ke tabbatar da amfaninsu ba. Likita yana iya rubuta wasu daga cikinsu bisa dalilin da ya gani, amma kada magidanci ya sayar da akuyarsa don kwalbar da ɗan talla ya yabe ta a kasuwa. Abin da likitocin da suka ƙware a kan ciwon suka haɗu a kansa ya fi wannan araha, watau kada majiyyaci ya daɗe ciki babu komai, kada ya bushe da ƙishirwa, kuma a kiyaye tsokarsa da abinci mai gina jiki da motsi gwargwadon iko. Idan jikin mai lafiya ya rasa abinci yakan juya ga kitsen da ya ajiye ya ci gaba da harkarsa, shi kuwa mai wannan lalura sau da yawa jikinsa ba ya iya wannan juyi da kyau, sai ya shiga cinye tsokarsa, wani tsami ya taru a jininsa, abin ya kai ga amai da ruɗewa da kwanciya.

A nan ne tsarin cin abincinmu ke cutar da shi ba tare da an yi nufi ba. A yawancin gidaje tuwon gero na dare shi ne babban ci, da safe ɗumame ko kunu, da rana fura in an samu, kuma duk a akushi ɗaya, mai saurin hannu shi ne mai rabo. Mai wannan ciwo kuwa yana cika da loma kaɗan saboda cikinsa ba ya saurin sauke abinci, taunawa tana gajiyar da shi, haɗiya wani lokaci tana sarƙe shi, sai ya tsame hannu tun sauran ba su kai rabi ba, a ɗauka ya ƙoshi. Maslaharsa ita ce a ware masa kwanonsa, a raba masa abin da zai ci kashi biyar ko shida tsakanin asuba da kwanciya, a tausasa tuwon da miya mai yawa, ya ci a zaune daidai ba da gaggawa ba, kuma a ba shi ɗan wani abu kafin barci don daren ya gajarta. Ƙasarmu ba ta rasa abin da ake bukata ba: akwai nonon shanu da na awaki da na raƙuma, akwai cuku, akwai wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, akwai ƙwan zabi da damina, akwai busasshen kifi da ke zuwa daga wajen Diffa, akwai fara wadda gina jikinta ba ta gaza nama ba, ga zogale da kuka da kayan lambun kwaruruka masu sauƙaƙa bayan gida, wanda taurinsa na cikin manyan koke-koken waɗannan majiyyata. Kanwar da ƙasar Manga ta shahara da ita kuwa a rage ta a kununsu, musamman wanda ciwon ya taɓa zuciyarsa, saboda gishirin da ke cikinta.

Wajibi ne kuma a yi hattara da shawarar da aka yanka wa wani jiki dabam. Abin da aka saba faɗa wa mai ciwon sukari shi ne ya rage ci ya rage ƙiba, alhali wanda sukarinsa ya samo asali daga mitokondiriya galibi siriri ne, rage masa abinci ƙara masa rauni ne. Abin da ya dace da shi shi ne a cire sukarin da ake zubawa a fura da shayi, a bar masa abincinsa. Ƙwayar metformin, wadda ita ce ake fara bai wa masu sukari, likitoci kan guje ta a wannan hali domin tana iya ƙara tsamin jini, haka ma maganin farfaɗiya na valproate yana da haɗari ga hantar wasunsu, don haka a gaya wa likita tarihin dangi tun kafin ya rubuta takarda. Tsarin nan na barin hatsi a koma ga mai da nama zalla, wanda ake yayatawa a wayoyi, an gwada irinsa a birnin Helsinki a kan majiyyata biyar masu ciwon a tsoka, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa cikin mako biyu tsokarsu ta fara ciwo da lalacewa har aka dakatar da gwajin.

Saura mas'alar azumi, wadda ita ce mafi nauyi a zukatan mutanenmu, kuma a kanta nake roƙon malamai su buɗe baki. Yinin Ramadan a Gure awa 13 ne zuwa 14, in ya faɗo a bazara kuma zafi yakan haura digiri 40, ga shi mumini yana jin kunyar a gan shi da kwano da rana, musamman wanda ciwonsa ba ya bayyana ga ido, ba kumburi, ba rauni, ba zazzaɓi. Alhali Suratul Baƙara ta yi wa maras lafiya rangwame a sarari, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram, a cikin Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa, ya halatta shan ruwa ga wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko daɗewarsa, ya kuma wajabta shi ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Ba cewa nake kowane mai gajiya ya ajiye azumi ba. Cewa nake wanda likita masani ya tabbatar masa da wannan lalura, ko ya yi masa zato mai ƙarfi, ya kuma hana shi daɗewa da yunwa, to ya karɓi sauƙin da Ubangijinsa ya yi masa, ya tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa, iyalinsa kuma su daina yi masa kallon mai raunin imani. Haka nan duk ranar da zazzaɓi ko gudawa ko amai suka hana shi ci, a kai shi asibiti a ranar don a yi masa ƙarin ruwa, kada a jira kwana uku.

Gwajin da ke tabbatar da ciwon na ƙwayoyin gado ne, ba aikin asibitin gunduma ba ne, amma auna nauyin babba da tambayarsa abin da yake ci aiki ne da kowace cibiyar lafiya za ta iya. Ina kira ga hukumomin lafiya na jihar Damagaram da su umarci ma'aikatan da aka horar a kan tamowar yara su ware rana ɗaya a mako don baligai masu ramewa, su tura waɗanda alamunsu suka haɗu zuwa babban asibitin Damagaram, malaman da ke koyar da likitanci a Jami'ar André Salifou kuma su cusa wa ɗalibansu tambayar tsatson uwa duk lokacin da siririn mai ciwon sukari ya zo yana cewa kunnensa ya yi nauyi. Limamai kuma su sa wannan mas'ala a cikin huɗubobin Sha'aban, tun watan bai kama ba.