Wasiƙa Ga Samarinmu Masu Horar Da Karnukan Tsere A Dubai

'Ya'yana,

Na yaba muku. Saluƙi kare ne mai wuyar sha'ani, kun iya ciyar da shi, kun iya wanke shi, har ana jin labarinku a tseren Al Marmoom. Allah Ya ƙara albarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani washegarin wani ruwa da aka yi, a wani filin atisaye cikin sahara. An saki karnuka shida, ba wanda ya sauko daga mota ya taka ƙasar da ƙafarsa. Wata karya ta zame a guje ta yi adungure, ta tashi tana ɗingishi. Yaron da ke riƙe da ita, agogo ya fara dubawa. Haba!

Ƙasar gishirin nan da Larabawa ke kira sabka mayaudariya ce. Samanta ya bushe, ƙarƙashinta taɓo mai santsi. Kun ga ruwan 16 ga Afrilu 2024, wanda ba a taɓa auna irinsa a ƙasar ba tun 1949, yadda ya mayar da filin jirgin sama tafki. Ƙasar da ta sha ruwa sai an ba ta kwanaki. Saluƙi kuwa ba kitse, gashinsa ba kauri, sanyi na saurin kama shi. In ya jiƙe a goge shi, a ɗan zagaya da shi jikinsa ya yi ɗumi, a duba tsakanin yatsunsa. Wannan ma sai an gaya muku?

Na biyu, hon. Kuna bin kare da mota kuna danna hon, shi kuma yana bin gawar barewa da aka rataye a jikin ƙarfe. To, haka tseren yake, ban ce ku sauya shi ba. Amma cikinku wa zai yi fito karensa ya tsaya cak? A Bala ta ƙasar Wales, inda aka yi shahararriyar gasar karnukan kiwon tumaki a 1873, cikin ruwa da sanyi aka yi ta, makiyayan nan kuwa har yau da fito suke juya kare daga nesa. Wani makiyayi, Adam Telfer, ya yi suna ne da karensa Old Hemp, wanda aka haifa a 1893, kare mai kora tumaki da ido, ba hayaniya. Mu ma aya ta 4 a Suratul Ma'ida, kan karen da aka koyar take magana.

Mafarautan da na taso a hannunsu a yankin Maraɗi ba su da mota, ba su da likitan dabbobi. Farkon damina tsoho zai tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya ce yau ba fita. Ba mai musu. Sun tafi, Allah Ya jiƙansu, ni kaɗai nake ta surutu a ƙasar mutane.

Ku yi haƙuri in na zafafa. Na san karnukan ba naku ba ne, akwai maigida, akwai kuɗin gasa. Duk da haka ku ne kuke kwana kusa da su. In an yi ruwa, ku sauko ku taka filin tun daga farko har ƙarshe, sannan ku gaya wa maigida abin da ƙafarku ta ji. Karyar nan, an ce mini har yanzu ba ta koma gudu ba.

Ku gaida mutanen gida.

Baffanku,
daga Deira