Masu shirin GRE da GMAT, ku daina haddace fomular reshiyo

1/ Masu neman digiri na biyu a waje, ku matso. A ganina haddar fomula ce ke kayar da mutane a tambayoyin reshiyo, alhali lissafin kansa mun san shi tun a gida.

2/ Tun Satumbar 2023, ɓangaren lissafi na GRE tambaya 27 ne cikin minti 47. Kowace ba ta kai minti 2 ba. GMAT kuwa 21 cikin minti 45, kuma ba kalkuleta. Ka tsaya jera x da y a kowace tambaya, lokaci ya ƙare, dalolin rajista sun tafi a banza.

3/ Ku tuna rabon gado. A ce 'ya'ya ne kaɗai magada, maza 2, mata 3, an bar naira dubu 700. Namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya, jimilla kaso 7. Kaso ɗaya dubu 100 ke nan. Reshiyo fa ke nan: nemo darajar kaso ɗaya, sauran mai sauƙi ne.

4/ Tarkon da suka fi ɗanawa: an ce maza da mata a aji 3:5, sai ka ɗauka maza 3/5 ne na ajin. A'a malam, kason 8 ne, maza 3/8 ne. Kada ka yi mamakin ganin 3/5 a cikin zaɓin tana jiranka.

5/ Mu ƙara wuta. Ajin nan na 3:5, maza 6 suka shigo, ya koma 3:4. Mata nawa ne?

6/ Duba wanda bai motsa ba: mata. Daidaita 5 da 4 su zama 20. Da 12:20 ne, yanzu 15:20. Maza sun ƙaru da kaso 3, su ne mutum 6 ɗin. Kaso ɗaya mutum 2, mata 40. Shi ke nan.

7/ Na san wani zai ce aljabara ba ta ƙarya. Gaskiya ne, ni ma ina komawa gare ta idan tambaya ta cakuɗe. Amma idan ba ka gane me kaso ɗaya yake wakilta ba, ko x ɗin ma a gurbin da ba nasa ba za ka sa shi.

8/ Ga taku: gero da dawa 2:3, dawa da masara 4:5, duka buhu 70. Masara buhu nawa? Ban da kalkuleta don Allah. Ina jiran amsa.