Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi

Wasu abokan aikina malamai sun dage cewa masu gina waƙa da guntayen tsofaffin fayafayi ɓarayi ne. Ban yarda ba.

A farkon shekarun 1970, a unguwar Bronx ta birnin New York, Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya lura ƴan rawa sun fi zabura inda murya ta ɗauke, ganga ta rage ita kaɗai. Sai ya aza faifai iri ɗaya bisa garmaho biyu, gaɓar na ƙarewa a wannan ya sake ta a wancan. Aikin kunne ne da yatsu. Mai raina shi ya gwada.

Zaluncin yana wani wuri. Kiɗan gangar da Clyde Stubblefield ya yi a faifan James Brown na 1970, Funky Drummer, ya shiga ɗaruruwan waƙoƙi. A 1991 wata kotun Amurka ta hukunta ɗaukar sauti ba da izini ba, amma kuɗin izinin masu riƙe da takardun mallaka ke amsarsu. Stubblefield ya rasu a 2017, rabonsa bai zo hannunsa ba. Mai neman ɓarawo ya bar yaron da ke juya faifai, ya je ya karanta waɗannan takardu.