Sikeli Ba Ya Kwana a Daji

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama tsakanin masu doguwar tafiyar ƙafa a dazuzzuka da tsaunukan Amurka. Mutum zai gutsure mariƙin buroshin goge bakinsa, ya ɓanɓare tambarin rigarsa, ya datse igiyoyin jakarsa, sannan ya ɗora kowane abu a kan ɗan sikeli ya rubuta nauyinsa a kwamfuta. Burinsa shi ne kayan da zai goya, ban da abinci da ruwa da man girki, kada su kai laba 10, wato kimanin kilo 4.5. Wanda ya sauko ƙasa da haka ya shiga sahun masu kaya marasa nauyi, wanda ya sauko ƙasa da laba 5 kuwa sai a riƙa nuna shi da yatsa ana cewa gwani ne. Ni ina da ja a kan wannan. Dabarar da ta faro da hankali ta rikiɗe ta zama bautar lamba, kuma sababbin shiga su ne ke biyan kuɗin bautar, da aljihunsu da barcinsu, wani lokaci har da lafiyarsu.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Hanyar Appalachian ta tashi daga jihar Jojiya ta ratsa jihohi 14 har zuwa Maine, tsawonta kusan kilomita 3,500, kuma yawancin masu gama ta a jere sukan shafe wata biyar zuwa bakwai. Hanyar Pacific Crest ta fi ta, kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa Kanada. A da, mai irin wannan tafiya yakan saɓa kaya fiye da kilo 20, ya sa takalman fata masu nauyi, gwiwa da gadon baya su yi ta ɗanɗana kuɗarsu. A shekarar 1992 Ray Jardine ya fitar da littafinsa kan hanyar Pacific Crest, inda ya ce a yar da tanti a ɗauki tamfol, a bar jakar barci a rufa da bargo mai sauƙi, a cire takalmin fata a sa na gudu. Maganar takalmi kam ya yi gaskiya: binciken da sojojin Amurka suka yi a shekarun 1980 ya nuna nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa a baya. Duk wanda ya rage kilo goma daga kayansa zai ji bambanci tun kafin azahar. Wannan ba na musunsa.

Abin da nake musu shi ne lambar kanta, domin ba ta auna abin da jiki yake ɗauka. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. A hamadar kudancin Kalifoniya, inda hanyar Pacific Crest ta faro, akwai wuraren da mutum zai goya lita biyar ko shida kafin ya kai wani ruwan. Abincin kwana biyar ya kusa kilo huɗu. A tsaunukan Sierra Nevada kuma doka ta tilasta ɗaukar wata gwangwanin roba mai tauri da ake kulle abinci a ciki saboda dabbar beyar, ita ma ta haura kilo guda. Ka ga mai alfahari da kilo 4.5 ya wayi gari da kilo 14 a baya. To a nan ne asirin ke tonuwa. Don ya cika sharaɗin lambar, ya sayi jaka marar ƙarfen ciki, wadda ba ta da daɗin goyo da zarar kaya sun wuce kilo tara ko goma, nauyin duk ya rataya a kafaɗa. Jaka mai ƙarfe da ɗamara ta fi ta da rabin kilo ko fiye, amma tana sauke yawancin nauyin a ƙugu, inda ƙashi ya fi ƙarfi. Wadda ta fi sauƙi a sikeli ita ta fi nauyi a jiki. Har akwai masu cusa waya da wuƙa a aljihun wando don kada su shiga lissafin jaka, sai ka ce ƙafafun da ke ɗauke da wandon na maƙwabci ne.

Ana yawan cewa cinikin tsakanin nauyi ne da jin daɗi. Idan aka duba da kyau, daɗi biyu ne ake musayarsu: na rana da na dare. Kowane abin da ka bari a gida yana sauƙaƙa maka tafiya, kuma yana jiran ka bayan magariba. Ɗauki shimfiɗa. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jikin wanda ya kwanta a kanta, gashin agwagwar da ke cikin bargo kuwa ba ya tsare komai a inda jiki ya danne shi, saboda iskar da ke maƙale a tsakaninsa ita ce ke riƙe ɗumi. Shi ya sa ake auna shimfiɗu da ma'aunin da ake kira R. Soson da ake naɗewa yana da kusan 2, katifar hurawa mai kyau tana haura 4, siririn soson da masu tsananin ra'ayi ke yabo kuwa ko 1 bai kai ba. Haka jakar barci: a ƙa'idar gwajin da ake bi a Turai, lambar da ake iya barci da daɗi daban take da lambar iyakar jurewa, kuma ta biyun ce ta fi yawan fitowa a sunan kaya. Wanda ya kwana yana karkarwa bai huta ba, tsokarsa ba ta warware ba, gobe kuma shi ne zai taka dutse mai santsi da ido rabi a rufe. Wasu ma sun daina ɗaukar risho, suna jiƙa taliya da ruwan sanyi a cikin roba su ci. A ranar zafi babu laifi. Ranar da ruwan sama ya doke ka tun safe, kofin shayi mai zafi ya wuce abin marmari.

Daga nan maganar ta bar jin daɗi ta koma rai. Hanyar Appalachian tana bi ta kan Dutsen Washington a jihar New Hampshire, mai tsayin mita 1,917, inda aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a 1934, kuma an ga dusar ƙanƙara a can a kowane wata na shekara. Idan zafin jikin ɗan Adam ya sauka ƙasa da digiri 35, sanyi ya fara kama shi kamun da ke kisa, kuma ba sai ruwa ya daskare hakan ke faruwa ba. Jiƙaƙƙiyar riga da iska sun isa. Mafi muni, tunani yana cikin abin da ke fara rikicewa, wato kayan aikin da mai ƙaramar jaka ya dogara da shi fiye da komai. Andrew Skurka, wanda ya taka kimanin kilomita 11,000 a zagayen yammacin Amurka a 2007, ya yi rubutu a 2012 yana sukar abin da za mu iya kira sauƙin wauta, ya kuma kawo misalai daga kurakuransa. Idan mai irin wannan ƙafa ya ce an wuce gona da iri, wanda ya fara bara ba shi da ta cewa. Garin neman gira ake rasa ido.

Sai batun kuɗi, wanda shi ya fi ba ni haushi. A 1955 Emma Gatewood, tsohuwa 'yar shekara 67 daga Ohio, ta taka hanyar Appalachian ita kaɗai cikin kwana 146, da takalman kambas, da bargon soja, da labulen banɗaki na roba a madadin tanti, duk a cikin buhun da ta ɗinka da hannunta. Jardine ma koya wa mutane ya yi su ɗinka kayansu. Yau kuwa ƙofar shiga ita ce tantin Dyneema, wani yadi da aka fara ƙerawa don filafilan jirgin ruwan tsere a gasar Kofin Amurka ta 1992. Tantin mutum biyu na wannan yadi bai fi rabin kilo da 'yan kai ba, amma kuɗinsa ya haura dala 600, kuma yadin bai kai nailan jure gugar ƙasa ba. Akidar da ta ce ka rage saye ta koma kasuwar da ke ce maka canza tantinka don giram ɗari. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Za su ce mini mutane tsoronsu suke cusawa a jaka, riga uku saboda tsoron sanyi, fitila biyu saboda tsoron duhu. Gaskiya ne, kuma na yarda a zubar da kayan tsoro. Sai dai duk abin da ka cire daga jaka dole ka mayar da madadinsa a ka. Mai kwana ƙarƙashin tamfol sai ya san inda iska ke fitowa, ya san kwari yana tara sanyi da raɓa, ya san inda ruwa zai bi idan an yi sama da dare. Makiyayin da ke shiga daji da sanda da gora da mayafi ba rashin kaya ne ya tsare shi ba. Ya san mashaya, ya san hadari tun yana gabas, kuma tun yana yaro yake koyo. Gatewood ma ta yi rayuwarta a gona, ta haifi 'ya'ya 11, ta san ganyen da ake ci, kuma sau da yawa ta ƙwanƙwasa ƙofar mutane ta nemi wurin kwana. Wanda ya kwafi jerin kayan gwani daga intanet ya kwafi abin da gwanin ya ɗauka, bai kwafi abin da ya sani ba. Jerin da ya isa a Kalifoniya a watan Yuli, lokacin rani, shi zai kunyata mai shi a tsaunukan Sikotlan a watan Oktoba.

Ban ce a jefar da sikeli ba. A auna kaya, domin awo yana tona abin da ake ɗauka don al'ada kawai. Amma kafin a tambayi nauyin abu, a fara da wasu tambayoyin: ina za ni, a wane wata, kuma wane dare ne mafi muni da zai iya riska ta a can? A fara ragewa daga abin da ba a taɓa amfani da shi ba a tafiya uku, a bar rigar ruwa da abin ɗumi da shimfiɗa zuwa ƙarshe. Sabon tamfol kuma a kafa shi a bayan gida ranar da ake ruwa, a kwana a ciki, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Idan bayan wannan duka jakarka ta tsaya a kilo bakwai, ka ɗauke ta haka nan ka kama hanya. Masu yi maka dariya a kan lamba suna gida bisa katifa lokacin da ƙarfe ukun dare zai same ka a kan dutse.