Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Kada Guga Ya Hana

Idan aka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe abin da suke so su zama, amsar ba ta wuce uku: likita, lauya ko injiniya. Wanda kuwa yake da baiwar rubutu sai ya sunkuyar da kai, kamar hajarsa ba ta da kasuwa. Ni dai a ganina wannan kuskure ne, kuma zan kawo misali da wani aiki da ba a cika ba mu labarinsa ba.

A ƙasar nan akwai cibiyoyin da aikinsu shi ne bincike don ba gwamnati shawara. A Kuru, kusa da Jos, akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki, wadda aka kafa a 1979. A Ibadan akwai NISER, mai binciken tattalin arziki da zamantakewa tun 1960. Masanan irin waɗannan wurare sukan shafe watanni suna bincike, su fito da rahoto mai kauri a kan farashin taki, ko a kan yaran da ba sa zuwa makaranta.

To, amma wa zai karanta? Minista ba shi da lokacin shafi 200. Manomi kuwa, wanda maganar taki ta fi shafa, rediyo yake saurara. Ke nan rijiya ta ba da ruwa, saura guga. Gugan nan shi ne edita da jami'in yaɗa labarai. Su ne ke gyara rubutun masani, su duba ko alƙaluman shafin farko sun yi daidai da na shafin ƙarshe. Su ne ke taƙaita rahoton ya dawo shafi 2, su rubuta sanarwa ga 'yan jarida, su sa a fassara shi da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Wani zai ce ai kwamfuta ma tana gyaran rubutu. Haka ne, amma ba a kiran kwamfuta ta amsa laifi idan aka buga ƙarya. Aikin nan amana ne. Idan masani ya ce "wataƙila", bai kamata edita ya mai da ita "tabbas" don labari ya yi armashi ba. Idan sakamakon bincike bai yi wa masu mulki daɗi ba, ba a rage masa gishiri. Kuskure guda a rahoto yana iya sa a gina asibiti inda ba a buƙatarsa.

Ina hanyar take? A jami'a ana iya karanta aikin jarida, ko Turanci, ko Hausa, ko tattalin arziki. Sai dai kada mai sha'awa ya guje wa lissafi, domin wanda bai san kashi cikin ɗari ba, ba zai gane inda aka yi kure ba. Mafari kuwa yana nan makaranta: ƙungiyar 'yan jarida, da muhawara, da wannan mujalla tamu. Abubakar Imam ma malamin makaranta ne a Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mai alƙalami ya riƙe shi da kyau. Masana suna can suna haƙa rijiya, jama'a kuma suna jiran wanda zai jawo musu ruwan.