Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Bayyana wa Jama'a Gubar da Masana'antu Ke Fitarwa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Muhalli na Tarayya, da Babban Daraktan hukumar NESREA, da kwamitocin muhalli na Majalisar Dattawa da ta Wakilai.



Duk masana'antar da ke aiki da sinadarai tana sakin wani kaso nasu waje, ko ta bututun hayaƙi, ko ta magudanar ruwa, ko a jibge su a juji. Abin da hukuma ta sani game da wannan yana iya tsayawa a cikin fayil a ofis, yana kuma iya fitowa fili ta yadda mazaunin unguwa zai duba sunan kamfanin da ke maƙwabtaka da shi, ya ga irin sinadarin da ya saki a bara da yawansa. Ƙasashe da dama sun zaɓi hanya ta biyu, suka kafa rajistar da ake bugawa kowace shekara. Najeriya ba ta kafa irinta ba tukuna, kuma shawarar wannan wasiƙa ita ce a kafa ta da dokar majalisa.

Tsarin ya samo asali ne daga wani bala'i. A daren 2 ga Disambar 1984, wayewar 3 ga wata, iskar guba ta tsiyaye daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya, ta kashe dubban mutane, yawancinsu talakawan da ke zaune a gefen katangar kamfanin, waɗanda ba su taɓa sanin abin da ake ajiyewa a ciki ba. A watan Agustan 1985 wata masana'antar kamfanin a jihar West Virginia ta Amurka ita ma ta yi yoyo, aka kai mutum fiye da 100 asibiti. Wannan ya sa majalisar Amurka ta zartar da dokar shirin ko-ta-kwana da haƙƙin al'umma na sani a 1986. Sashe na 313 na dokar ne ya haifar da rajistar da ake kira TRI, wadda hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ke riƙe da ita.

Ƙa'idar aikinta ba ta da sarƙaƙiya. Masana'antar da ke cikin rukunan da doka ta lissafa, mai ma'aikata 10 ko fiye, idan ta ƙera ko ta sarrafa sama da fam 25,000 na wani sinadari da ke cikin jerin, wato kimanin kilo 11,300, ko ta yi amfani da sama da fam 10,000 ta wata hanyar, dole ta miƙa rahoto zuwa 1 ga Yuli na kowace shekara. Za ta faɗi nawa ya tafi iska, nawa ya shiga ruwa, nawa aka binne, nawa aka kai wani wurin. Sinadaran da ke daɗewa a jiki da ƙasa an rage musu ma'auni sosai: dalma fam 100, zaiba fam 10. Jerin ya fara da sinadarai kusan 300, yanzu ya kai kimanin 800, kuma masana'antu sama da 20,000 ke ba da rahoto. An fitar da alƙaluman farko, na shekarar 1987, a 1989. A yau kowa na iya duba su kyauta a intanet.

Abin lura shi ne dokar ba ta hana kowa sakin komai ba, ba ta kuma ɗora tara a kan yawan abin da aka saki ba. Bayyanawa kaɗai ta wajabta. Amma da shugabannin kamfanoni suka ga jimillar a rubuce, suka san gobe za ta fito a jarida da sunansu, sai lissafi ya canza. A 1988 kamfanin Monsanto ya yi alkawarin rage gubar da yake saki a iska da kashi 90 cikin 100 kafin ƙarshen 1992. Wasu manajojin ma sai a lokacin suka gane yawan kayan aikin da suka saya da kuɗinsu ke bin iska a banza. Sauran ƙasashe sun bi sahu: Kanada a farkon shekarun 1990, sai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Kiev kan irin wannan rajista, ta 2003, da ta fara aiki a 2009. Indonesiya ta ɗauki salo mai sauƙi tun 1995, inda ake yi wa kowace masana'anta maki da launi, daga zinariya zuwa baƙi. Ghana ma ta ƙaddamar da irinsa mai suna Akoben a 2010, don kamfanonin haƙar ma'adinai da na ƙere-ƙere.

Najeriya ta ɗanɗana nata darasin. A 1988 aka gano tan dubu uku da ɗoriya na shara mai guba da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta. Daga nan aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, sannan NESREA ta gaje ta a 2007. Ƙa'idojin da aka fitar tun 2009, har da na masaƙu da masana'antun fata, sun ɗora wa kamfanoni auna ruwan da suke saki da miƙa rahoto, ga kuma binciken muhalli duk bayan shekara uku. Ke nan wani kaso na bayanan yana hannun hukuma tuni. Abin da ya rage shi ne a tattara su a tsari ɗaya, a fitar.

Wanda ya san Kano ya san inda wannan magana ta fi ciwo. Masana'antun jimar fata da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai suna amfani da gishirin kuromiyam da wasu sinadarai masu wari da ƙuna. Ruwan da ke fitowa daga Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, har dam ɗin Wasai. A bakin waɗannan rafuka ne masu noman rani ke ban ruwa ga latas da kabeji da karas da alayyafo, kayan da washegari ke kan teburan kasuwa. Malaman jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar suna wallafa sakamako, amma a mujallun da manomi ba zai taɓa gani ba, kuma awon da aka yi a rafi ba ya nuna kamfanin da gubar ta fito daga gare shi. Mai lambu yana ganin ruwa ya sauya launi, yana jin wari, sai dai ba shi da takardar da zai riƙe ya je gaban mai unguwa ko kotu. Haka abin yake a Kakuri da Kudenda, inda magudanai ke zuba a kogin Kaduna.

Za a iya cewa ai akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa buƙatar duk wanda ya rubuto. Gaskiya ne, amma ba ta wadatar ba. Sai mutum ya san akwai takarda kafin ya nemi a ba shi, idan kuma aka yi shiru sai ya ɗauki lauya. Ita kanta dokar, a sashe na 2, ta umarci hukumomi su riƙa buga wasu bayanai ba sai an roƙa ba. Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, domin hukumar NOSDRA tana da shafin da ke nuna malalar mai a yankin Neja Delta, da wurin da ranar da sunan kamfanin.

Rajistar da za a kafa tana buƙatar ta tsaya a kan dokar majalisa, ba takardar umarnin ofis ba. Dalili kuwa, a Amurka kanta an sassauta sharuɗɗan rahoto a 2006, sai da majalisa ta mayar da su a 2009. Abin da ofis ya bayar, ofis na iya janyewa. Ba dole a fara da ɗaruruwan sinadarai ba. Kuromiyam da dalma da zaiba da wasu 'yan kaɗan, a manyan masana'antun fata da masaƙu da siminti da masu narka tsoffin batura, sun isa farawa. Dole a fito da sunan kowane kamfani da wurinsa, domin jimillar jiha ba ta nuna mai laifi, ba ta kuma wanke wanda ya kashe kuɗi ya gina wurin tace ruwa. Sannan a kai bayanin inda mutane suke: a karanta shi a rediyo da Hausa da sauran harsuna, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar hakimi, da launuka irin na Ghana don wanda bai yi boko ba.

Tsarin yana da rauninsa. Kamfani ne ke ƙiyasta abin da ya saki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kullum yake son faɗa ba, don haka sai hukuma ta riƙa kai ziyarar ba-zata tana ɗibar ruwa, tare da hukunci mai tsanani ga wanda ya yi ƙarya ko ya ƙi kawo rahoto. Nauyi kuma ba shi ne haɗari ba, domin kilo ɗaya na zaiba ya fi tan guda na wani abin illa. Haka nan rajista ba ta kama ƙananan masu sana'a. Gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga masana'anta ba, kuma irin wannan yana buƙatar nasa matakin daban.

Ana roƙon Mai Girma Minista ya umarci NESREA ta fara buga rahotannin da ke hannunta yanzu, kamfani bayan kamfani, farawa da yankunan masana'antu na Kano da Kaduna da Legas da Ogun, su kuma 'yan majalisa su gabatar da ƙudirin da zai mayar da bugawar wajibi a kowace shekara.